Atisaye da bindiga mai arhar harsashi: me take koyarwa, me ba ta koyarwa?

A Amurka, inda doka ta bai wa ɗan ƙasa damar ɗaukar bindigar hannu don kare kai, musamman tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen, akwai muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a filayen koyon harbi. Mutum yana yawo da bindiga mai cin harsashin milimita 9, amma ranar atisaye sai ya fito da wata mai cin ɗan ƙaramin harsashin da ake kira .22. Wasu na cewa dabara ce, wasu na cewa yaudarar kai ce. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Me zai sa mutum ya ajiye bindigar da yake ɗauka ya yi atisaye da wata?

Kuɗi ne, ba wani abu ba. Harbi aikin hannu ne kamar ɗinki ko tuƙi, hannu ba ya faɗawa sai da maimaici. Kuɗin kwali ɗaya na harsashin milimita 9, mai guda 50, zai sayi ninkinsa na .22, wanda ake sayarwa har guda 500 a kwali. Magidancin da kuɗin haya da na makarantar yara ke jiransa, in aka ce sai da babban harsashi zai yi atisaye, zai iya shafe watanni bai leƙa fili ba. Wanda kuwa ke ɗauke da makami a cikin jama'a alhali rabonsa da harbi tun bara, shi ne abin tsoro.

Mene ne bambancin harsasan biyu?

Kamfanin Stevens ne ya fito da wannan harsashi na .22, wanda cikakken sunansa .22 LR, a 1887. Kan harsashinsa bai wuce giram biyu da rabi ba sai da kaɗan. Na milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20, yakan kai giram bakwai da rabi zuwa tara da ɗoriya, ga albarushi mai yawa a bayansa. Akwai kuma bambancin yadda wuta ke tashi. A milimita 9, abin kunna wutar yana tsakiyar gindin kwanso. A .22 an shafa shi ne a zagayen gefen gindin, kuma wani lokaci shafin ba ya game ko'ina. Shi ya sa .22 ya fi yawan ƙin tashi, ya kuma fi barin datti a cikin bindiga.

To me ƙaramar take koyarwa?

Duk abin da ke faruwa kafin harsashi ya fita: tsayuwa, riƙo, saiti, da yadda yatsa ke jan kunama a hankali ba tare da bakin bindiga ya motsa ba. Wannan na ƙarshe shi ne uwa uba, kuma a nan ne .22 ta fi amfani.

Babbar cutar sabon maharbi ita ce zabura. Jikinsa ya san ƙara na tafe, ya san bindiga za ta yi shuri, sai ya danna hannu ƙasa tun kafin harsashi ya fita. Malaman harbi suna da yadda suke nuna wa ɗalibi wannan. Sai su cusa harsashin bogi guda ɗaya a cikin na gaske ba tare da ya sani ba. Ɗalibi ya harba na farko, ya harba na biyu, a na uku ya ja kunama, sai ka ji ƙas, babu ƙara, babu shuri, amma bakin bindigar ya yi ƙasa kamar an buge shi, idonsa kuma a runtse. Nan take yakan gane abin da ya sa harsasansa ke sauka ƙasa da inda ya saita. Da .22 ƙarar ba ta firgitarwa, shurin kuma kaɗan ne, don haka mutum yana iya barin idonsa a buɗe ya ga kuskurensa da kansa. Ba banza ba gasar harbin bindigar hannu ta mita 25 a wasannin Olamfik take da wannan harsashin.

Me ba ta koyarwa?

Duk abin da ke faruwa bayan harsashi ya fita. Bindigar milimita 9, musamman ƙanana marasa nauyi da aka fi ɗauka a jiki, tana daka tsalle a hannu, kuma dawo da ita kan saiti da sauri don harbi na biyu wani darasi ne daban. Ƙaramar tana yafe wa sakakken riƙo. Mutum zai yi wata uku yana harbi da kyau da hannu sako-sako, ran da ya koma babbar sai ta tona masa asiri. A ganina wannan ne haɗarin gaske: ya ɗauka ya ƙware, alhali rabin karatun ya yi.

Akwai kuma sanin halin bindigarka. Sai ka harba ainihin harsashin da kake ɗauka a ainihin bindigar da kake ɗauka kafin ka san ko tana cinsa ba gardama, da inda yake sauka.

Wannan dabara sabuwa ce?

A'a. Tun 1931 kamfanin Colt ya fitar da bindigar Ace, mai siffar fitacciyar bindigar sojan Amurka ta 1911 amma mai cin .22, don a rage tsadar horo. Tun a lokacin sun lura da matsalar rashin shuri, sai suka biyo da samfurin da aka sa wa wata dabara ta maƙerin bindiga David Marshall Williams, wadda ke ƙara ƙarfin shurin don ya kusanci na babbar. A ƙarshen 2019 kamfanin Glock ya gabatar da Glock 44 mai cin .22, girmanta ɗaya da Glock 19 mai cin milimita 9, har kubensu kan zo ɗaya, sai dai ta fi ta sauƙin nauyi sosai kuma harsashi 10 take ɗauka maimakon 15. In har za a yi wannan atisaye, irin wannan tagwaitaka ake nema: riƙo ɗaya, maɓallai wuri ɗaya, saiti iri ɗaya.

Yaya za a raba lokacin?

Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce a yi kaso mafi yawa da ƙaramar, sannan a rufe kowane zama da babbar, ko da harsasai kaɗan ne, don hannu ya tafi gida da tunanin abin da zai riƙe gobe. Atisayen jan kunama ba harsashi a gida ma yana da amfani, amma da babbar ya fi dacewa, domin wasu bindigogin .22 suna lalacewa idan ana jan kunamarsu babu komai a ciki. A duba littafin da ya zo da ita.

Wannan ya shafi wanda ke Najeriya?

Doka ba ɗaya ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar hannu cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bayanin nan na inda doka ta halatta ne.

Tunda ƙarama ce, haɗarinta ma kaɗan ne?

Wannan tunanin ya fi komai tayar min da hankali. Da .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Angeles a 1968. Da ita aka harbi Shugaba Ronald Reagan a Washington ranar 30 ga Maris, 1981, harsashin ya huda huhunsa ya tsaya kusa da zuciya. Harsashin yana iya tafiyar fiye da kilomita guda. Ƙa'idojin ba sa canzawa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba a nufi harbi ba, yatsa nesa da kunama sai an saita, a kuma san abin da ke bayan abin harbin.

Idan aka ja kunama harsashi ya ƙi tashi, kada a juyo da bindigar ana leƙe. A bar bakinta yana kallon gaba na kamar daƙiƙa 30 kafin a buɗe, don wani kan tashi a makare. A toshe kunne, a sa tabarau. Yawancin harsasan .22 dalma ce, kuma wanda ya harba ɗaruruwa a zama ɗaya zai ga yatsunsa sun yi baƙi. Ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya ci abinci, ya kuma canza riga kafin ya ɗauki yaro.