Ma'anar Tirjiyar Lantarki da Yadda Ake Lissafa Ta

Tirjiyar lantarki ita ce gwargwadon yadda abu yake hana wuta wucewa ta cikinsa, ana kuma auna ta da om, ma'aunin da ya samo suna daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idarta a shekarar 1827. Ana gano ta ne daga abubuwa biyu: bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, da amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a cikin waya. Idan aka raba bolt da amfiya, amsar ita ce tirjiya. Idan kuwa aka ninka bolt da amfiya, sai a sami wat, wanda shi ne yawan wutar da na'ura take ci.

Wannan lissafi ya shafi Hausawa mazauna Makka da Madina da Jidda kai tsaye, domin tun da daɗewa wutar gidajen Saudiyya iri biyu ce, mai bolt 127 da mai bolt 220. A shekarar 2010 hukuma ta yanke shawarar komawa bolt 230 sannu a hankali, amma har yanzu akwai tsofaffin gidajen haya da ake samun soket na kowane iri a ɗaki guda.

A ɗauki butar lantarki da aka rubuta wat 2,000 da bolt 220 a ƙasanta. Raba 2,000 da 220 yana ba da amfiya 9 da ɗoriya, raba 220 da wannan kuma yana ba da tirjiya kimanin om 24. Tirjiyar nan tana cikin ƙarfen butar ne, ba ta canzawa sosai don an canza soket. Saboda haka idan aka jona butar a soket mai bolt 127, amfiya 5 da kaɗan kawai za su wuce, wat ɗin kuma ya sauko zuwa kusan 670, wato kashi ɗaya bisa uku, sai uwargida ta yi ta jiran ruwan shayi tana zaton butar ce ta lalace. Akasin haka shi ne abin tsoro, domin na'urar da aka ƙera don bolt 127, in ta shiga soket mai 220, za ta ci ninki uku na wutar da aka tsara mata, kuma ƙonewa za ta yi. A kan firji da iyakwandishan lissafin kintace ne kawai, saboda injin da ke juyawa yana da nasa hukuncin.

Inda na fi ganin sakaci shi ne wayar ƙari, wato doguwar wayar da ake jonawa a soket don a haɗa na'urori da yawa a kanta. Ita ma waya tana da tata tirjiyar, wadda ke ƙaruwa idan wayar siririya ce ko doguwa, kuma zafin da take yi yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da amfiya ta ninku sau biyu. Fulogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Saudiyya iyakarsa amfiya 13, wato wat kusan 3,000 a kan bolt 230. Wanda ya haɗa butar wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,500 a kan wayar ƙari ɗaya ya riga ya wuce wannan iyaka, ko da bai jona komai ba bayansu.