Waiwaye: yadda Birtaniya ta koma auna karnuka da tef

Tun ranar 1 ga Fabrairu 2024, da aka haramta ajiye XL Bully, wani irin ƙaton kare mai ƙarfi, a Ingila da Wales sai da takardar izini, muhawara ta ƙi lafawa. Wasu na cewa an ma makara, wasu na cewa mai kare ya kamata a kama, ba kare ba. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya sai ya ɗauka jiya aka fara shi.

Tun a 1871 doka ta ba kotu ikon sa a tsare kare mai haɗari ko a kashe shi. A 1991, bayan wasu munanan hare-hare, aka haramta iri huɗu: pit bull, Tosa na Japan, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. A 2014 aka ƙara tsananta hukunci, ɗaurin da zai iya kai shekara 14 in kare ya kashe mutum, 5 in ya ji masa rauni, ko da a cikin gidan mai shi ne. Wannan duk an sha faɗa.

Wanda aka cika tsallakewa shi ne abin da ya faru a 1988. Kafin lokacin, duk mai kare sai ya je gidan waya ya yanki lasisi kowace shekara. Kuɗin sule bakwai da sisi ne tun 1878, kuma fiye da shekara ɗari bai motsa ba; da aka canza kuɗin ƙasar sai ya koma kwabo 37 da ɗan ɗori. Daga ƙarshe abin da ake kashewa wajen karɓarsa ya fi abin da ake tarawa, masu karnuka da yawa kuma ba su ma damu da yanka ba. Sai aka soke shi a Ingila, Wales da Scotland. A lissafin kuɗi, babu abin zargi.

Amma wannan 'yar takarda, duk rauninta, ita ce ke haɗa kare da sunan wani mutum da adireshinsa. Shekara uku bayan tafiyarta aka zo neman maganin cizo, babu rajistar masu karnuka da za a duba. Abin da ya rage a hannu shi ne karen kansa, sai aka koma kallon siffarsa. Har yau jami'i tef yake ɗauka ya auna: namijin XL Bully daga santimita 51 a kafaɗa, mace 48. Masu kiwo don kuɗi kuwa ba su sha wahala ba, in an hana wannan iri sai su haɗa wani sabo. Holland ta gwada haramta pit bull a 1993, ta janye a 2008.

Sai a 2016 aka wajabta dasa wa kowane kare 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai lambar da ke kai wa ga bayanan mai shi. Ƙananan hukumomi kuma na da ikon ware wuraren da dole a riƙe kare da igiya, tarar nan take har fam 100, in an je kotu har fam 1,000.

Ireland ta Arewa ba ta taɓa soke lasisinta ba, kuɗinsa fam 12.50 a shekara. Ita ma dai ta ƙuntata wa XL Bully a 2024, abin da masu adawa da dawo da lasisi ke yawan kafa hujja da shi.