Me ya haɗa ka da wasan ƙanƙara? Tambayoyi da amsoshi kan hoki da masoyansa

Tun da zama ya kawo ni Montreal a ƙasar Kanada, ba abin da 'yan'uwa da abokai suke yawan tambayata a kansa kamar jar rigar nan mai haruffan C da H a ƙirji. Rigar ƙungiyar Canadiens ce ta wasan hoki, kuma na kamu da son ƙungiyar nan kamu na haƙiƙa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa idan na samu mai haƙurin saurare.

Wai shi wasan nan yaya ake yinsa?

Filin daskararriyar ƙanƙara ce mai sulɓi, tsawonsa mita 61, faɗinsa mita 26, an zagaye shi da katanga wadda aka ɗora wa gilashi. Kowane ɓangare mutum shida ne, biyar da gola. Takalminsu yana da siririn ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, da shi suke zamewa, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasasshen baki. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan baƙin faifan roba ne da suke kira fak, bai cika tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 170. Sai an sa shi a firiza ya daskare kafin wasa, don kada ya riƙa tsalle-tsalle.

Ana yin zango uku, kowanne minti 20, kuma da alƙali ya busa agogo yake tsayawa. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika yin minti guda a fili. Sai ya koma benci wani ya tsallako katanga ya maye gurbinsa, wasa kuwa bai tsaya ba. Wanda ya yi laifi, kamar taɗiye abokin hamayya da sanda, ana tsare shi a wani ɗan keji na minti 2, ƙungiyarsa ta ci gaba da mutum huɗu da gola. Waɗannan mintuna biyun su ne suka fi tayar wa mai kallo da hankali.

A talabijin ko abin da suke bugawa ba ma gani. Me ke da daɗi a ciki?

Ni ma haka na ce da farko. Wani abokin aikina ne ya ja ni filin Bell Centre wani daren Asabar cikin hunturu, a nan na yarda gani ya kori ji. Abin da ya fara kama ni ƙara ce. Idan ɗan wasa ya taho da gudu ya ci birki, ƙarfen takalminsa yana kankare ƙanƙara da wani sauti kamar mahauci na wasa wuƙa, garin ƙanƙara ya yi feshi sama. Idan fak ya daki ƙarfen raga, ƙarar tana kaiwa har kujerun can sama inda muke. Ƙarti biyu suka haɗu a jikin katanga, na ga gilashin yana rawa kamar zai zube. Da aka ci, sai wani ƙaho mai ƙarar jirgin ƙasa ya ɗauka, mutum wajen 21,000 suka miƙe lokaci guda. Wata dattijuwa da ke gefena, wadda ban taɓa gani ba, ta kama hannuna tana girgizawa tana magana da Faransanci, hawaye a idonta.

Abokin nawa ya ba ni shawarar da har yau nake ba kowa: ka daina neman fak da ido. Bugu mai ƙarfi yana wuce gudun kilomita 160 a awa, ido ba zai bi shi ba. Ka kalli inda kafaɗun 'yan wasa suka juya da inda gola ya fuskanta, fak yana nan. Daga ranar da na gane wannan, wasan ya buɗe mini.

Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka. Me ya sa sai Canadiens?

Garin da nake ne, wannan ɗaya. Amma abin da ya ɗaure ni tarihinta ne. An kafa ta a 1909, ta girmi ita kanta gasar NHL da aka kafa a 1917, kuma ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakara, sau 24, babu wadda ta kamo ƙafarta. Tun farko an kafa ta ne don masu magana da Faransanci, mutanen da suke da rinjaye a lardin Kebek, inda Montreal take, amma dukiya da manyan muƙamai suna hannun masu Ingilishi. A filin ƙanƙara ne suke ganin nasu a sama.

Wanda ya ɗauki wannan nauyin a kafaɗarsa shi ne Maurice Richard, mai lamba 9, mutum na farko da ya ci 50 a wasa 50, a kakar 1944 zuwa 1945. Ranar 13 ga Maris, 1955, a Boston, wani ya fasa masa kai da sanda, shi kuma ya hasala ya rama, har ya naushi ɗaya daga cikin alƙalan wasa. Shugaban gasar, Clarence Campbell, ya dakatar da shi har ƙarshen kaka, haɗe da wasannin neman kofi. Mutanen Montreal suka ɗauka an yi masa haka ne don shi Bafaranshen Kanada ne. Ranar 17 ga Maris Campbell ya zo kallon wasa a Forum, tsohon filin Canadiens, aka yi ta jifansa, wani ya saki hayaƙi mai sa hawaye, aka watse, tarzoma ta ɓarke a titin Sainte-Catherine. Sai da Richard da kansa ya shiga rediyo washegari ya roƙi jama'a su kwantar da hankali. Shekarar Canadiens suka rasa kofin a hannun Detroit. Daga 1956 zuwa 1960 kuwa suka ɗauke shi sau biyar a jere.

Ba na wanke Richard, dukan alƙali laifi ne. Amma wanda bai san wannan labarin ba ba zai gane abin da ya sa, a daren da aka rufe Forum a 1996, jama'a suka tsaya suna yi wa tsoho Richard tafi na dogon lokaci har ya fashe da kuka ba.

Mene ne na musamman a Kofin Stanley?

Guda ne ake miƙawa daga zakara zuwa zakara, ba a ƙera sabo duk shekara. Lord Stanley, Gwamna-Janar na Kanada, shi ya ba da shi a 1892, aka fara miƙa shi ga zakara a 1893. Ana zana sunan 'yan wasan da suka ci a jikinsa, idan zoben ƙasa ya cika sai a cire mafi tsufa a kai gidan tarihin wasan da ke Toronto. Nauyinsa ya haura kilo 15. Kowane ɗan wasa ana ba shi kofin ya yini da shi, ya kai shi garinsu, iyayensa da malamansa na yarinta su taɓa.

Hanyar zuwa gare shi kuwa wuya ce tsantsa. Bayan doguwar kaka daga Oktoba zuwa Afrilu, ƙungiyoyi 16 ne suke shiga zagayen fitar da gwani. Zagaye huɗu ne, kowanne sai ka doke abokin karawarka sau huɗu, wato nasara 16 cikin wata biyu. Idan aka tashi kunnen doki, ba bugun daga kai sai gola, ana ƙara minti 20 bayan minti 20 har sai wani ya ci, kuma cin farko shi ne ƙarshe. A 1936 Detroit da Montreal Maroons sun kai ƙari na shida kafin a ci ɗaya tilo. A lokacin zagayen fitar da gwani 'yan wasa ba sa aske gemu sai an fitar da su ko sun ɗauki kofi, mu ma magoya baya haka muke yi.

Amma an ce rabonku da kofi tun 1993. Me kake jira?

Gaskiya ne, kuma ba mu kaɗai ba, tun daga wannan shekarar babu ƙungiyar Kanada da ta sake ɗauka. A 1993 Canadiens ta ci wasa goma a jere a ƙarin lokaci, Patrick Roy yana raga, ta doke Los Angeles a ƙarshe. Ni ban ga wannan ba, labari nake ji a bakin maƙwabta, kuma kowa yana iya gaya maka inda yake zaune a daren.

Nawa rabon ya zo a 2021. Toronto ta ci mu wasa uku muna da ɗaya, kowa ya fitar da rai, sai muka ci uku a jere muka fitar da su. Muka share Winnipeg. Ranar 24 ga Yuni, wadda ita ce ranar bikin lardin Kebek, Artturi Lehkonen ya ci Vegas a ƙarin lokaci, muka kai wasan ƙarshe. Lokacin korona ne, mutum 3,500 kawai aka bari suka shiga fili, sauranmu muna tituna. Ban taɓa ganin gari ya yi murna irin ta wannan daren ba: direbobin tasi suna ta oda, mutane a baranda suna buga tukwane. Sai Tampa Bay ta doke mu, ta ci wasa huɗu muka ci ɗaya. Kakar da ta biyo baya mu ne na ƙarshe a gasar gaba ɗaya.

Na yi kwanaki ba na son a yi mini zancen. Amma da Oktoba ta zagayo na ɗauko rigata. A wannan gasar ba a faɗawa rukunin ƙasa, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake ba damar fara zaɓen matasa masu tasowa. Tun 2005 akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don haka mai kuɗi ba ya saye kofi. Kana kallon yaro ɗan shekara 18 yana girma a gabanka shekara bayan shekara, ka san raunin da ya ji, ka san daren da ya fara ci. Wannan ya fi ƙarfin sakamakon kaka ɗaya. Magoya bayan Toronto tun 1967 suke jira, filinsu kuma bai daina cika ba. Waɗanda nake tausaya wa su ne mutanen birnin Kebek: an ɗauke musu ƙungiyarsu Nordiques a 1995 aka mayar da ita Colorado, shekarar farko a can ta ɗauki kofi.

Dambe fa? Mun ga suna naushin juna alƙali yana kallo.

Ana yi. Su yar da safar hannu su kama juna, hukuncin minti 5 ne kowannensu. Masu kare al'adar suna cewa tsoron naushi ne ke hana a ji wa gwanaye rauni da gangan. Na daɗe ina jin wannan hujjar, kuma ba ta gamsar da ni. Derek Boogaard, wanda aikinsa a fili kusan damben ne, ya rasu a 2011 yana da shekara 28, da aka binciki ƙwaƙwalwarsa aka tarar da cutar da yawan bugun kai ke haddasawa. Idan fili ya miƙe yana ihu a kan dambe, ni ina zaune. Faɗan ya ragu sosai a kan yadda yake a da, kuma wasan bai rasa komai ba.

Abin da nake so ka gani shi ne ƙarshen kowane zagaye na neman kofi. Mutanen da suka yi mako biyu suna ragargazar juna sai su yi layi, wanda ya ci da wanda aka ci, kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu.

Akwai baƙar fata ko Musulmi a ciki kuwa?

Akwai, ko da yake ba su da yawa. Willie O'Ree ne baƙar fata na farko a NHL, ya fara bugawa Boston a Janairun 1958, a nan Montreal, alhali idonsa ɗaya ba ya gani, ya ɓoye hakan. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya yi shekaru yana kyaftin ɗin Calgary, ya ci 625, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby fak ɗin da ya ci wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 2010. Nazem Kadri, ɗan asalin Labanon, ya ɗauki kofi da Colorado a 2022, da ranarsa ta zo ya kai shi masallacin garinsu London da ke lardin Ontario.

Wariya kuwa tana nan. Akim Aliu, haifaffen Okene, ya fito a 2019 ya faɗi zagin launin fata da wani koci ya yi masa shekaru baya, kocin ya ajiye aiki. Ga kuma tsada: takalmi, sanda, hular kwano, kuɗin fili da tafiye-tafiye suna hana 'ya'yan talakawa da baƙin haure shiga. Wannan yana ci mini rai, domin da sanyi ya kankama gwamnatin birni tana daskarar da filaye kyauta a unguwanni, kuma na ga yadda yaranmu suke tsayawa a bakin katanga suna kallo.

Wane ne gwanin gwanaye?

Wayne Gretzky. Ana ƙirga maki da ci da kuma taimakawa a ci, shi yana da 2,857. Ko da bai taɓa ci ko sau ɗaya ba, taimakonsa kaɗai, 1,963, ya fi jimillar makin kowa. Alexander Ovechkin na Rasha ya wuce shi a yawan ci a Afrilun 2025, da ya ci na 895, amma makin nan ba na jin za a kamo shi.

Idan ina so in fara kallo daga gida, ta ina zan fara?

Ka jira Afrilu, ka fara da zagayen fitar da gwani, a nan wasan yake nuna ainihinsa. Sai dai ka shirya hana ido barci: wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a Montreal, ƙarfe 12 na dare ne a Kano da Damagaram a wannan lokacin, cikin hunturu kuma ƙarfe 1. Idan dare ya yi maka nisa, gasar tana sa taƙaitattun wasanni a YouTube, ka kalla da safe. Ka zaɓi ƙungiya ɗaya ka bi ta wasa bakwai, ka riƙe sunan golanta. Idan ka ji filin Montreal ya ɗauki "Go Habs Go", mu ne, Habs laƙabin ƙungiyarmu ne.