Kifi nawa ya kamata a zuba a keji ɗaya cikin dam?

Masu sha'awar sa keji, wato ragar da ake kiwon kifi a ciki, a dam ɗin Tiga ko na Challawa da ke jihar Kano suna yawan yin waɗannan tambayoyin.

Wai ba gara in cika kejin ba tunda ruwan dam yana da yawa?

A'a malam. Dam ɗin ne ke da faɗi, kifinka kuwa iya cikin raga yake rayuwa. Matsalar ita ce ranar zubi 'ya'yan kifin ba su wuce ɗan yatsa ba, sai mutum ya ga kejin wayam ya ƙaro, bayan wata huɗu sun yi jiki wuri ya matse, manya su danne abinci ƙanana su tsumbure, kuma abincin nan shi ke cinye fiye da rabin jarinka. Wallahi abin yana ban takaici.

To ya ake lissafin?

Daga ranar kwasa ake farawa a dawo baya. Misali kejinka mita 2 tsawo, 2 faɗi, zurfin da ke cikin ruwa ma 2, mita kubik 8 ke nan. In kana son kilo 20 a kowace mita kubik, kuma kowane kifi ya kai rabin kilo, to 40 ne a mita, duka 320, sai ka ɗan ƙara saboda mace-mace. Sabon shiga ya fara da kaɗan tukuna.

Tarwaɗa da karfasa duk ɗaya ne?

Ina! Tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure cunkoso, sai dai tana cin 'yar'uwarta, dole ka riƙa ware manya. Karfasa da oksijin ɗin cikin ruwa kawai ta dogara.

Ta yaya zan gane sun yi yawa?

Je ka da asuba, lokacin oksijin ya fi ƙaranci. In ka tarar da karfasa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna haki, ka rage su, ka goge gansakukar da ta toshe idon raga don ruwa ya riƙa ratsawa.

Lokaci fa?

Da hunturu ruwa na sanyi ba sa ci sosai. Da rani kuma ruwan Tiga na ja baya saboda ana sakin shi ga manoman Kadawa, don haka ka kafa kejin inda ko ruwa ya janye gindin raga ba zai taɓa laka ba. Kuma ka fara neman izini wajen hukumar Haɗeja-Jama'are mai kula da dam ɗin.