Ma'anar "kalorin da ka ƙona" a agogon motsa jiki, da yadda yake haɗuwa da lissafin abinci

Duk wanda ya taɓa ɗaura agogon nan na motsa jiki, irin su Fitbit ko Apple Watch ko Garmin, ya san lambar nan da take fitowa wai yau ka ƙona kalori kaza. Masu neman rage ƙiba da yawa sun ɗauke ta kamar yankan wuƙa, su haɗa agogon da manhajar rubuta abinci irin MyFitnessPal su riƙa bin duk abin da ta ce, wata biyu wata uku sikeli ya ƙi motsi, sai gwiwa ta yi sanyi mutum ya fara cewa jikinsa ne baya jin magana. Abin yana damuna wallahi, don yawanci jikin lafiyarsa lau, lissafin ne aka fahimta a baibai.

Shi kalori ma'aunin makamashi ne, ƙarfin da jiki ke tatsa daga abinci ya yi aiki da shi. Wanda ake rubutawa a jikin fakitin abinci asalinsa kilokalori ne, shi yasa zaka ga an sa kcal, kuma guda ɗaya shine zafin da zai ɗaga ruwa kilo 1 da digiri 1. Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, furotin ma 4, kitse da mai 9, lissafin da wani masani ɗan Amurka Wilbur Atwater ya kafa tun ƙarshen ƙarni na 19 kuma har gobe da shi ake aiki. In abin da ka ci bai kai abin da jiki ya kashe ba sai a ce akwai giɓin kalori, jiki ya koma kan ajiyarsa ya cike, a nan ake ramewa. Kilo ɗaya na kitsen jiki ana ƙiyasta shi a kalori 7,700.

Toh agogon fa, ta ina yake sanin abin da ka ƙona? Bai sani ba, ƙiyasi yake yi. In ana son a auna da gaske ɗakin gwaji ake kai mutum a sa masa abin rufe hanci da baki a auna iskar oksijin da yake shaƙa, don duk lita ɗaya ta oksijin da jiki ya yi amfani da ita kusan kalori 5 kenan. Agogo bashi da hanyar ganin numfashinka. Abin da yake da shi ɗan sensa ne mai jin kaɗawar hannu, da koriyar fitilar nan ta bayansa mai haska fata tana ƙirga bugun zuciya daga yadda jini ke kai komo, wasu da GPS, sai kuma shekarunka da tsawo da nauyi da jinsi da ka shigar ranar da ka saye shi. Ya haɗa su ya zuba cikin lissafin da kamfanin ya gina kan matsakaicin mutum. Kai kuma ba lallai ka zama matsakaicin ba.

Mafi yawan lambar ma ba daga motsa jiki take zuwa ba. Ko kwana kake yi zuciya na bugawa, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna aiki, wannan shi ake ce wa BMR kuma ga yawancin mutane shi yake cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na duk abin da suke ƙonawa a rana. Narka abinci ya ɗauki kusan kashi 10, ragowar shine zirga-zirga da atisaye. Shi kansa BMR ɗin ƙiyasta shi ake yi da lissafi irin na Mifflin-St Jeor na 1990. Shi yasa yana da kyau ka duba wace lamba agogonka yake nuna maka, kalorin motsi kaɗai ne ko jimilla, don in ka yi tafiyar awa ɗaya ya ce 350 kuma jimilla ce, kusan 70 zuwa 80 a ciki da ma zaka ƙona su ko kana kan kujera.

A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7 a jikin mutum 60. Wajen ƙirga bugun zuciya shida daga ciki sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma da aka zo kalori babu ko ɗaya da ya yi abin kirki, wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27, na ƙarshe da kashi 93. Kuma sun lura kuskuren ya fi yawa ga masu nauyi da masu duhun fata, kaga kenan masu neman rage ƙibar su abin ya fi shafa. Agogunan yanzu ba irin na lokacin bane amma matsalar tana nan a gindi, bugun zuciya yana tashi don zafin rana, don tsoro ko ɓacin rai, don kofi, wasu magungunan hawan jini kuma sauke shi suke yi, in kana ɗaga ƙarfe zuciya ta yi ta dukan uku-uku alhali abin da ka ƙona bai taka kara ya karya ba, in kana tuƙa keke kuma hannu na kafe wuri ɗaya, sensan baya jin kaɗawarsa.

Ɓangaren abinci kuma can ne ma ɓarakar ta fi girma, kuma ba wai mutane ƙarya suke ba, mantuwa ce da ƙiyasin ido. Wani bincike da ya fito a mujallar likitoci ta New England a 1992 ya bi mutanen da suke cewa suna cin kaɗan amma basa ramewa, da aka auna sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza ainihin abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsin da suke cewa suna yi kuma sun ƙara masa kashi 51. Cokalin cin abinci ɗaya na man girki kalori 120 ne, waye yake rubuta man da aka soya abu da shi? Shinkafa ɗanya giram 100 wajen kalori 360 ce, dafaffiya giram 100 wajen 130, ka zaɓi wadda ba ita ba a manhaja lissafin ranar ya watse. Ga ɗan ɗanɗane wajen girki, ga lemon kwalba, ga sukarin shayi. Lambar jikin fakiti ma ba daidai take cif ba, dokar Amurka ta yarda abinci ya zarce abin da aka rubuta da har kashi 20.

Yanzu ka haɗa biyun ka ga inda gizo ke saƙar. Manhajar tana lissafi ne haka, kason da ta yanka maka na rana, a cire abin da ka ci, a ƙara abin da agogo ya ce ka ƙona, sauran shine abin da zaka iya ci. Mu ɗauki misali namiji ɗan shekara 35, kilo 90, tsawo santimita 175, mai aikin zama. BMR ɗinsa zai kama wajen 1,820, da 'yar zirga-zirgar yini ya kai kamar 2,200, manhaja ta cire 500 ta ce ya ci 1,700. Ya fita ya yi atisaye agogo ya ce 600, nan take manhaja ta buɗe masa ƙofa zuwa 2,300, shi kuma da gaskiyarsa ya ci har ya cike. In ainihin ƙarin da ya ƙona 400 ne, jikinsa ya kashe 2,600 kenan. In kuma akwai 300 da ta zille wa rubutu, cokali biyu na mai da ɗan wani abu, abin da ya shiga cikinsa 2,600 ne. Giɓin 500 da waya take nuna masa kullum babu shi sam, kuma bai karya doka ko ɗaya ba, wannan ne yake bani tausayi.

Akwai ma ƙirga abu sau biyu, ka gaya wa manhaja kai mai yawan motsi ne ta saka maka atisayen a kasonka tun farko, sannan ka dawo ka shigar da atisayen da hannu ta sake baka. Sannan jiki shi ma yana ramawa, ranar da ka wahala a guje zaka ga da yamma zama ya fi yawa, kuma duk kilon da ya tafi abin da kake ƙonawa yana raguwa, in baka sabunta nauyinka a agogo ba yana nan yana lissafi da tsohon jikinka.

Ni dai bana cewa a jefar da agogon. Yana da amfani wajen gwada kai da kanka, yau da jiya, satin nan da wancan, ƙirgen taku da bugun zuciya duk abin dogaro ne daidai gwargwado. Abin da nake ganin kuskure shine mayar da lambarsa abinci. Ko dai ka kashe ƙarin da yake turawa manhaja gaba ɗaya, ko in ka yi aiki mai nauyi yunwa ta taso ka ci rabinsa. Ka samu ɗan sikelin kicin ka auna abinci ko na sati biyu ne ido ya saba. Mai ciki da mai shayarwa, da mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, da wanda ƙirgen ya fara zame masa damuwa har yana tsoron cin abinci, don Allah a ga likita tukunna.

Alƙalin da zai raba gardamar sikelin nauyi ne, amma ba na rana ɗaya ba, don gishiri da ruwa da al'adar mata suna iya ɗaga mutum kilo ɗaya ko biyu cikin dare. Ka hau da safe bayan ka zaga kafin ka ci komai, ka ɗauki matsakaicin sati, ka yi haka sati uku ko huɗu. In waya tana cewa giɓinka 500 ne a rana ya kamata a sati huɗu ka sauke kusan kilo 1.8, in abin da ya sauka rabin kilo ne kawai to ainihin giɓin naka wajen 140 ne, sai ka rage 200 ko 300 daga kason ka sake dubawa bayan wasu sati uku.