Yadda Ake Hana Sukuru Kwancewa a Katako Mai Taushi

Me ya sa sukuru yake saurin zamewa daga wasu katakai?

Sukuru yana riƙe katako ne da zarensa, wato murɗaɗɗen layin da ya zagaye jikinsa, wanda yake yanka wa kansa hanya a cikin naman itacen ya kama shi. Katako mara nauyi irin obece da malaina, waɗanda ake samu da yawa a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa da ke Kano saboda arha da sauƙin aiki, namansu ba shi da ƙarfi, don haka da zarar hanyar nan ta dagargaje babu sauran abin da zaren zai kama. Yanayin Kano ma yana da hannu a ciki, domin katako yakan iso da ɗanshi, idan hunturu ya shigo sai ya bushe ya tsuke, damina kuma ta sake kumbura shi, wannan motsi ne yake sassauta ramin a hankali.

Shin buga sukuru da guduma yana da illa?

Yana da illa ƙwarai, kuma a ganina shi ne babban dalilin da ya sa marfin kabad yake rataye bayan 'yan watanni. Wanda ya buga sukuru da guduma ya mayar da shi ƙusa, ya kuma yage naman katakon tun kafin aiki ya fara. Hanyar da ta dace ita ce a fara huda ɗan ƙaramin rami wanda bai kai kaurin sukurun ba, sannan a murɗa shi da sukundireba, a tsaya da zarar kansa ya zauna daram. Mai amfani da injin murɗa sukuru ya kula sosai a nan, domin juyi ɗaya da ya wuce kima ya isa ya sa sukurun ya riƙa juyawa a banza yana fitar da garin katako.

Wane irin sukuru ya fi dacewa?

Mai faɗin zare, wanda tsayinsa ya isa kusan kashi 2 cikin 3 nasa ya shige cikin katakon da ke ƙasa idan ana haɗa katako biyu.

Wurin da aka sa shi fa?

Sukurun da ya shiga ta bakin katako, wato inda zarto ya yanke, ba ya riƙo kamar wanda ya ratsa ta gefe, saboda yana bin tsawon jijiyar itacen ne maimakon ya gitta shi. Haka nan idan ya matso gefe da yawa katakon yakan tsage. Inda nauyi zai rataya, kamar ƙofa ko ƙafar gado, gara a huda katakon gaba ɗaya a ɗaure da noti.

Idan ramin ya riga ya lalace, sai a canza katako?

Ba lallai ba ne. A zare sukurun, a kakkaɓe garin da ke ciki, a shafa wa sandunan ashana ko siraran fasassun katako farin gam na kafinta, a cusa su har ramin ya cika, a datse abin da ya fito. Bayan awa 24 sai a huda sabon ƙaramin rami a mayar da sukurun. Amma idan gara ce ta cinye wurin, to wannan gyara ba zai riƙe ba, dole a sauya katakon.