Fektin, sinadarin da ake tatsa daga ɓawon lemo da mangwaro

Fektin wani sinadari ne da ke cikin jikin 'ya'yan itace da ganyaye, shi ne kamar gam ɗin da ke riƙe ƙwayoyin halittar tsiro su manne da juna. In aka dafa shi da sukari da ɗan tsami sai ya sa ruwa ya yi kauri ya daskare, shi ya sa jam, wanda mu nan Garwa da Marwa muka fi kira konfitir, yake tsayawa a kan burodi ba ya zuba. Wani Bafaranshe mai suna Henri Braconnot ne ya ware shi ya ba shi suna a 1825, sunan kuma daga Girkanci ya fito, ma'anarsa abin da ya daskare. A jikin kwalba ko robar yawurt in ka ga an rubuta E440, to shi ne.

Abin da ya sa maganarsa ta shafe mu shi ne ba daga tsokar ɗan itacen ake samunsa da yawa ba, daga abin da ake zubarwa ne. Busasshen ɓawon lemon tsami da lemon zaƙi yana ɗauke da fektin kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, musamman farin nan mai laushi da ke ƙarƙashin fatar. Dusar tuffa da ta rage bayan an matse ruwanta tana da kamar kashi 10 zuwa 15. Waɗannan biyun su ne yawancin kamfanoni suke amfani da su, ƙasashe irin su Brazil da Meziko da Ajantina suna busar da ɓawon lemo su sayar. Ɓawon mangwaro ma yana da shi, haka garin kuka da zoɓorodo, wato folere kenan, kuma yauƙin kuɓewa ma akwai dangin sinadarin a ciki. Ɗanye ya fi nunanne, don da ɗan itace ya nuna sai fektin ɗin ya fara narkewa, abin da ke sa mangwaro ya yi luguf kenan.

Yadda ake tatsarsa a masana'anta ba wani sihiri ba ne. Ana wanke ɓawon a cire sukari da datti, a busar, a niƙa, sannan a dafa shi cikin ruwan da aka sa wa asid kaɗan, ma'aunin tsaminsa, wanda ake kira pH, wajen 1.5 zuwa 3, zafi kuma ƙasa da tafasa ko daf da ita, na awa ɗaya zuwa 'yan awanni. Sai a tace, a rage ruwan, a zuba sipirit wato alkol mai ƙarfi, nan take fektin ɗin zai taru ya yi curi kamar majina don ba ya narkewa a cikin alkol, sai a kwashe a matse a shanya a niƙa ya zama gari fari ko ruwan ƙasa-ƙasa. Alkol ɗin yana tashi ne wajen busarwa, kamfani kuma yana tara shi ya sake amfani da shi saboda tsada. Masu tambaya kan halasci su sani fektin daga tsiro yake, ba kamar jelatin ba da ake yi da fata da ƙashin dabba, har da alade.

Iri biyu ne. Ɗaya sai da sukari mai yawa, sama da rabin haɗin, da tsami kafin ya daskare, shi ake sawa a konfitir. Ɗayan kuma kalsiyam yake buƙata, sinadarin nan da ke cikin madara, don haka ya dace da madara da kayan da aka rage wa sukari. Ana kuma sa fektin a wasu magunguna da abin ɗaure ciwo.

Inda gizo ke saƙar a wajenmu shi ne lokaci. Ɓawo in ya kwana a jiƙe cikin zafin Afrilu ya fara ruɓewa, fektin ɗin ya lalace tun kafin a kai ga tukunya, kuma masu sayar da ruwan lemo a warwatse suke, kowa da ɗan bokitinsa, tattara ɓawon kansa aiki ne. Rana dai muna da ita ta shanya, wannan kam ba a saya. A Jami'ar Ngaundare akwai makarantar ENSAI da ke koyar da sarrafa kayan gona, irin wannan aikin fanninsu ne.

A gida ba sai da alkol ba. Mace ta kankare koren fatar lemon ta bar farin, ta yanka ƙanana ta haɗa da 'ya'yan cikin lemon, ta matsa lemon tsami ta dafa da ruwa a wuta kaɗan, ta tace da ƙyalle mai tsabta. Ruwan da ya fito mai ɗan kauri shi za ta zuba a konfitir ɗin mangwaro ko gwanda, don su in sun nuna sosai ba sa kama jikinsu su kaɗai.